Jinjina ga Makaɗan Kalangu na Kurmi

Duk inda mahauci ya sauke jakarsa, mai kalangu na biye da shi. Haka abin yake a Fatakwal da Anacha da Inugu, inda fataucin shanu ya daɗe da kafa Hausawa. Wani Basakkwace ma, Malam Umaru Altine, shi ya fara zama magajin garin Inugu a shekarun 1950.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya watsa unguwannin Hausawa, rikicin Fabrairun 2006 kuma ya ci rayuka a Anacha. Da ƙura ta lafa mutane suka koma, makaɗa ma suka koma.

Dubi makaɗi ranar biki a Garikin Inugu. Ya saɓa kalangu a hammata, yana matsa tsirkiya yana saki, har fata ta kira sunan mutum da na kakansa da garin da ya baro. Dattijon da ya yini da wuƙa a hannu sai ya miƙe, ya gyara hula, ya taka rawa. Nan da nan liƙi ya fara sauka a goshin makaɗi. Damshin kurmi kuwa abokin gabar fata ne, dole a shanya ta kafin ta yi murya.

A ganina ba a biyan makaɗan nan haƙƙinsu. Yaron da aka haifa a Diobu ta Fatakwal, wanda Turancin buroka ya fi kama bakinsa, sau da yawa a wajensu yake fara jin kirarin gidansu. Allah ya ƙara wa hannuwanku albarka.