Muryoyi Biyu a Faifan Garmaho na 1912

A shekarar 1912 kamfanin Victor na Amurka ya ɗauki muryoyin mata biyu, Alma Gluck da Louise Homer, suna rera waƙar addinin Kirista mai suna "Whispering Hope", wadda Septimus Winner ya wallafa a 1868. Dukansu zabiyoyi ne na gidan wasan Metropolitan da ke New York, inda ake yin opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera maganganunsa da kiɗa. Gluck haifaffiyar Romaniya ce daga gidan Yahudawa, muryarta siririya, tana hawa sama ba wahala. Homer kuwa 'yar fasto ce, muryarta kakkaura, mai nauyi.

Lokacin babu makirufo a ɗakin ɗaukar murya, sai a 1925 ya shigo. Mawaƙi yakan tsaya gaban wani babban ƙaho ya rera a ciki, ƙarfin muryarsa ya girgiza allura, ita kuma ta zana layi a kan faifan kaki. In an yi kuskure ba gyara, sai a sake daga farko. Ga mutum biyu abin ya fi wuya, domin mai ƙarfin murya dole ta ja baya kaɗan, mai taushi ta matso, kowace tana auna kanta da 'yar'uwarta. Babu wanda zai daidaita musu bayan sun gama.

Mu da muka tashi da waƙar jagora da 'yan amshi, kunnenmu ya saba da a kai baiti a ajiye, wasu su ɗauka. A nan ba jagora. Tare suke tashi, tare suke sauka, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, har numfashi wuri ɗaya suke ja. Inda na fi so shi ne amshin waƙar: Gluck ta kama sauti guda ta riƙe shi tsawon lokaci, ba ta ƙara masa ƙarfi ba, ba ta bari ya yi rawa ba, Homer kuma tana tafe a ƙarƙashinta tana jera kalmomi a natse. Matan nan suna da muryar da za ta cika zauren mutum dubbai, amma suka sauke ta saboda waƙar ta lallashin mai baƙin ciki ce. Wannan kamun kai shi ya fi burge ni.

Bahaushen da ke kasuwar Ogbete a Inugu, daf da babbar majami'ar Holy Ghost, ko mai zama a Anacha da Fatakwal, ya sha jin irin wannan haɗin murya yana fitowa ta tagar maƙwabta ranar Lahadi. Ni Musulmi ne, aƙidar waƙar ba tawa ba ce, amma na san tawali'u in na ji shi a murya, kuma faifan nan ya sa na fahimci abin da mawaƙan majami'un nan suke nema in sun yi ta maimaita layi ɗaya da yamma.

Akwai naƙasu. Kiɗan da ke bayansu a dushe yake, ƙarar allura tana biye da su daga farko har ƙarshe, wasu kalmomin ma sai an kasa kunne sosai. Tsarin waƙar kuma mai sauƙi ne, bai kai gwanintarsu ba. Wanda zai nemi faifan a YouTube ya sa abin sauraro a kunne, domin lasifikar waya tana haɗiye muryar Homer, rabin daɗin kuwa a wurinta yake.