Jinjina ga telolin 'yan tsana na Japan

A unguwar Nippori ta birnin Tokyo, inda shagunan yadi suka jeru a titi guda, akwai masu sayayya da ba sa neman yadi goma. Ƙyalle kamar tafin hannu suke nema, da leshi siriri, da maɓallin da bai kai ƙwayar wake ba. Kayan 'yan tsana za su ɗinka.

Aikin ba na wasa ba ne. 'Yar tsana irin Super Dollfie, wadda kamfanin Volks ya fitar a 1999, tsayinta kusan santimita 60 ne, don haka yadi mai kauri sankarewa yake yi a jikinta, zane mai manyan furanni kuma ya haɗiye ta. Sai an zaɓi marar nauyi, a rage faɗin kalmasa, a ɗinka hannun riga da allura a tsanake. Wannan haƙuri ne yake burge ni ƙwarai.

Daga ƙarshen Maris, da sanyi ya ja baya itacen sakura ya yi fure, sai telolin su fita lambu da 'yan tsanarsu da kyamara. Mai hoto yakan durƙusa har ƙasa domin ya daidaita da idon 'yar tsanar, yana kare ta daga iska, yana guje wa rana mai zafi domin tana sa jikin 'yar tsanar ya koma rawaya.