Kaurin Murya Ba Aibi Ba Ne: Nazari Kan Kundin Tems Na Farko

Wanda kunnensa ya saba da waƙoƙin da ake sakawa a gidajen biki na Yakasai ko Mandawari ya san irin muryar da ake nema wurin mace: siririya, mai tashi sama, wadda kwamfuta ta ƙara sirantawa. Wannan gado ne daga finafinan Indiya, inda irin su Lata Mangeshkar suke rera waƙa jaruma ta hau kai. Haka Kannywood ta ɗauka. Su Fati Nijar da Maryam A. Baba sun daɗe suna ba da murya, 'yan kallo na ganin wata fuskar daban.

Da wannan kunnen ya kamata mutumin Kano ya saurari Born in the Wild, kundin farko na Temilade Openiyi, wato Tems, wanda ya fito ranar 7 ga Yuni, 2024. 'Yar Legas ce, haihuwar 1995. Duniya ta san ta tun waƙar Essence da suka yi da Wizkid a 2020, amma sai da ta shekara huɗu kafin ta fitar da cikakken kundi a salon R&B mai gauraye da kiɗan Afirka.

Jarin kundin kuwa murya ce mai kauri, mai ɗan dishi, wadda ba ta gaggawa. A waƙar farko, wadda kundin ya ci sunanta, kusan jita ce kaɗai ke rakiyarta, har kana jin inda take shan numfashi. A Burning ma an rage kayan kiɗa, an bar muryar ta ɗauki nauyin damuwar da take bayyanawa. Ba mamaki, domin da hannunta a haɗa kiɗan da yawa daga cikin waƙoƙin, tare da GuiltyBeatz ɗan Gana. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ta san inda muryarta ke da ƙarfi, ta gina kiɗan a kewayensa.

Ta kuma iya aro. Love Me JeJe ta ɗauko amshin waƙar Seyi Sodimu ta 1997 ta yi masa sabuwar riga, har ta ci kyautar Grammy da ita a 2025. Wickedest ta jingina da Premier Gaou ta Magic System, 'yan Kwaddibuwa. Duk biyun sun zama nata, ba kwaikwayo ba.

Sai dai kundin ya yi tsawo. Abu 18 ne a ciki, har da guntayen hira guda biyu, kuma tsakiyarsa na da waƙoƙin da suka yi kama da juna. Baƙin da ta gayyato, Asake a Get It Right da J. Cole a Free Fall, sun fi kama da buƙatar kasuwa fiye da buƙatar waƙa. A T-Unit, inda ta gwada gambarar zamani, ta bar abin da ta fi kowa iyawa ta kama wanda wasu suka fi ta. Da an tsaya a 12, da ya fi kama jiki.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne, wannan murya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Uwaliya Mai Amada a Kano da Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da cikakkiyar murya suka riƙa cika tsakar gida, ƙwarya na amsawa, ba wanda ya ce su siranta. Sitidiyo ce ta koya mana raina irinta. Yau akwai yarinya a cikin ganuwa da aka ce wa muryarta ta maza ce, ta haƙura da waƙa. Masu fiyanon Zoo Road su saurari kundin nan, sannan su sake kiran ta gwaji.