Karta Mai Iyaka da Karta Marar Iyaka

Bayan kaka, in an kai gero rumbu, an kai gyaɗa da aya kasuwa, kuɗi kan shiga hannun samari a garuruwan da ke bakin babbar kwalta, tun daga Gidan Rumji har Aguie da Gazawa. Lokacin ne fada ke cika da dare, shayi na kan gawayi, karta na zagayawa. Yawanci wasa ne kawai, amma akwai masu sa dala ashirin ko hamsin don wasan ya yi zafi. Kowa ya san hukuncin caca a Musulunci, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta yanke magana. Abin da ba a cika dubawa ba shi ne yadda ƙaramin zubi ke rikiɗewa ya cinye rumbu. A nan foka, wasan kartar Amurka, yake da abin nuna mana, domin gwanayensa sun yi wa wannan mataki lissafi dalla-dalla.

Samfurin da ya fi shahara, Texas Hold'em, yana da manyan iri biyu. A mai iyaka, an ƙayyade abin da mutum zai zuba a kowane zagaye, an kuma ƙayyade sau nawa za a yi ƙari. A marar iyaka kuwa, ɗan wasa na iya tura duk kuɗin da ke gabansa a kowane lokaci. Kartar ɗaya ce, 52, amma wasan ya sauya ɗungurungum.

A ɗauka akwai jika 10 a tsakiya, zubi kuma jika 1 ne. Kana riƙe da karta huɗu masu zane iri ɗaya, kana jiran ta biyar, saura karta ɗaya a buɗe. Cikin 46 da ba ka gani ba, 9 ne za su fisshe ka, wato kusan sau ɗaya cikin biyar. Tun da jika 1 za ka sa don neman 10, ko sau ɗaya cikin 11 kake ci ba ka faɗi ba, saboda haka bi ya fi. To, a cire iyaka. Abokin karawa ya ga jika 10 a tsakiya ya zuba wasu 10. Yanzu 10 za ka sa don neman 20, sai kana ci sau ɗaya cikin uku kafin ka tsira, kartarka kuwa ba ta kai ba. Hannun da ya dace a bi ɗazu, yanzu ajiye shi ne daidai. Wanda ya saba da mai iyaka ya saba da bi, domin kuskurensa zubi ɗaya yake ci masa. Da wannan sabon yake shiga marar iyaka, inda kuskure ɗaya ke kwashe duk abin da ya tara. Burga ma a nan take samun ƙarfi: babu mai gudu don jika ɗaya, amma mai kauri a aljihu na iya kora mai kyakkyawar karta da tulin kuɗi kawai.

Ko na'ura ta shaida wannan rata. A 2015 masana a Jami'ar Alberta ta Kanada suka sanar cewa manhajarsu Cepheus ta kusa ƙure wasan mai iyaka na mutum biyu. Marar iyaka sai 2017 manhajar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu bayan hannu 120,000. Duk da haka marar iyakar ne ya mamaye duniya, tun da wani akanta, Chris Moneymaker, ya ci dala miliyan 2.5 ta Amurka a babbar gasar Las Vegas a 2003, bayan ya sami gurbi ta intanet. Labarinsa ya bazu ko'ina, na ɗaruruwan da suka biya kuɗin da ya ɗauka bai bazu ba.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne shawarar da gwanayen ke ba junansu: kada ka zauna teburin marar iyaka sai kana da ninki 20 ko 30 na kuɗin zama a ajiye, kuɗin da ba na cefane ba. Mutanen da caca ce sana'arsu ke nan, suna tsoron rashin iyaka. Gidan caca kuma na yankar kasonsa daga kusan kowane hannu, ko wa ya ci.

Kartar fada, duk da illarta, tana da katanga: aljihu ya ƙare, dare ya raba, wani babba ya leƙo a watse. Ko cacar doki ta PMU sai mutum ya taka zuwa rumfa a idon jama'a, kuma tana da lokacin rufewa. Cacar ƙwallo ta wayar salula ba ta da ko ɗaya. Babu dare, babu idon kowa, kuɗin aya na shiga waya su fita ba a ji ƙararsu ba. Saurayin da ya faɗi jika biyu ya zuba huɗu don ya fanshe ya riga ya shiga marar iyaka, ba tare da ajiya ko lissafin waɗancan gwanayen ba.

Shugabannin fada da limaman unguwa, ku fara wannan magana da samari tun amfanin gona yana tsaye, kafin kuɗin kaka su shigo hannu.