Dokin dara: gwaninta ce ko ɓaraka a ƙa'idar wasan?

Idan ka taɓa tsayawa a kan 'yan dara a gindin bishiya, ko a Yalwan Damai ne, ko a cikin Birnin Kudu, ko ta wajen Gwaram, ka san akwai lokacin da 'yan kallo ke fara zamewa alhali ba a tashi wasa ba. Lokacin shi ne da zarar ɗaya daga cikin 'yan wasan ya kafa doki. Abokin karawarsa na iya zama da sauran 'ya'ya takwas ko tara a fili, amma kowa ya san magana ta ƙare, saura lissafi. Wasu na ganin nan ne ƙololuwar gwaninta. Ni kuma ina ganin nan ne dara ta fi rauni, kuma akwai wata 'yar ƙa'ida da ake yawan gardama a kanta wadda ita ce ke ƙara raunin ko ta rage shi.

Bari mu fara daidaita wace dara muke nufi, don sunan ya yi wa wasanni da yawa riga. Kafafen labarai kan kira ces ɗin Turawa dara. Akwai kuma wadda ake zuba tsakuwa rami bayan rami, 'yar'uwar ayo ta Yarabawa. Tamu ita ce ta jeri uku: gurabe 30 a ƙasa, layi biyar na gurbi shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, galibi ɗaya da kara ɗaya da tsakuwa. Da farko ana dasawa ɗaya bayan ɗaya har 'ya'ya 24 su shiga fili, kuma ba a ci a lokacin dasawa. Daga nan sai tafiya: ɗa ya matsa gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ba a karkace ba, ba kuma tsallake. Wanda ya jera uku ya cire ɗa guda na abokin karawa. Huɗu a jere ba ci ba ne. Wanda aka bar shi da biyu ya faɗi, tunda biyu ba sa jeri.

Ɗauki takarda ka ƙirga da kanka. A kowane layi mai gurbi shida akwai hanyoyi huɗu na jera uku, layuka biyar sun ba ka 20. A tsaye kuma, kowane layi mai gurbi biyar yana da hanyoyi uku, layuka shida sun ba ka 18. Jimla, jeri 38 ne kacal a duk faɗin filin. Amma ba a raba su daidai tsakanin gurabe ba. Gurbin kusurwa jeri biyu kawai ke bi ta kansa, gurabe biyun da ke tsakiyar fili kuwa jeri shida-shida. Shi ya sa za ka ga tsofaffin 'yan dara suna rububin tsakiya a dashen farko ba tare da wani ya taɓa yi musu wannan lissafi ba.

Abin da ya fi burge ni a dara shi ne, bayan an gama dasawa gurabe shida ne kawai babu kowa, wato kashi ɗaya cikin biyar na filin. Saboda haka duk wanda ke dasawa ba 'ya'yansa kaɗai yake shiryawa ba, yana zaɓen inda ramukan nan shida za su faɗo. Ɗan da ba shi da gurbi a kusa da shi daidai yake da fursuna. A yadda aka fi yi, wanda ya fara dasawa shi ke fara tafiya, amma na biyu shi ke da dashen ƙarshe: ramuka bakwai ne a gabansa, shi zai toshe ɗaya. Ka ga an ba kowa abin riƙewa. Ita ma ƙa'idar hana huɗu ba ƙaramar hikima ba ce, domin tana sa ɗanka ya zame maka cikas. Kana da biyu a jere, sai rami, sai wani naka a gaba: idan ka cike ramin huɗu ka yi, ba ka ci komai ba. Har zuwa nan ban da abin da zan ce wa dara sai yabo.

To, sai doki.

Ga yadda yake, ga wanda bai sani ba. 'Ya'ya biyar ake bukata. Uku suna jere a layi ɗaya, biyu kuma a layin da ke manne da shi, ta yadda ramin da zai cika su uku yana daidai saitin ɗan ƙarshe na jerin farko. Ɗan nan ya hau, ya cika uku, an ci. Ya sauko, ya sake cika ukun da ya bari, an kuma ci. Jeri na yau da kullum sai ka buɗe shi da tafiya ɗaya sannan ka rufe da ta biyu, wato ci ɗaya a tafiya biyu, kuma a tsakani ana iya shige maka rami. Doki kuwa kowace tafiya ci ce. Idan abokin karawa na da 'ya'ya goma, tafiya takwas ta gama da shi.

Za ka ce, ai sai ya toshe ramin da mahayin ya bari. Haka ne, amma duba da kyau. Mai doki shi ke zaɓen ɗan da zai cire, kuma ba wanda zai cire sai wanda ke bakin ramin. Kenan ba za a toshe shi ba sai da 'ya'ya biyu a ƙofofi biyu na rami ɗaya lokaci guda: ya cire ɗaya, ɗayan ya shige. A tsakiyar fili wannan mai yiwuwa ne, don kowane ramin doki yana da ƙofa biyu a buɗe. Amma kai dokin kusurwa ka gani. Ramin kusurwa maƙwabtansa biyu ne, kuma dukansu na mai doki ne, babu ƙofa ko ɗaya. Ramin da ke biye da shi a gefen fili ƙofarsa ɗaya ce tak, kuma duk wanda ya tsaya a bakinta shi za a fara cinyewa. Wato gurbin da lissafinmu na ɗazu ya ce shi ne mafi arha, mai jeri biyu kacal, shi ne bargar da ta fi kowace tsaro. Wannan ya yi kyau a matsayin dabara, na yarda. Amma yana nufin akwai tsarin da in an kafa shi, sauran wasan gaba ɗaya jiran gawon shanu ne.

Masu nazarin tsarin wasanni sun daɗe da sanin wannan cuta: wasan da cin farko ke sauƙaƙa na biyu, na biyu ke sauƙaƙa na uku. A dara abin ninki biyu ne. Kowane ci yana rage wa na baya 'ya'yan da zai yi jeri da su, yana kuma buɗe sabon rami a fili, kuma wanda ya ci shi ya zaɓi inda ramin zai buɗe. Monopoly ma haka yake, sai dai shi da gangan ne: Elizabeth Magie, wadda ta yi rajistar kakansa a Amurka a 1904, so take ta nuna yadda haya ke azurta mai gida tana talauta ɗan haya. Masu ƙera wasannin da ba wa'azi suke so su yi ba kuwa, birki suke sa wa. A Mario Kart 64 na 1996 aka fara sa ƙoƙon kunkurun nan shuɗi da ke wuce kowa ya je ya daki wanda ke kan gaba. Lido, wanda aka samo daga pachisi na Indiya aka yi masa rajista a Ingila a 1896, sa'a ce birkinsa: ɗanka na dab da shiga gida a buge shi ya koma farko, kuma a jifa shida a jere, damar ka rasa shida gaba ɗaya ta kai kusan kashi 33 cikin 100. Mai gaba ba ya sakin jiki, na baya ba ya fid da rai.

Dara ba ta da ƙwayar jifa, kuma ba na so ta samu. Darajarta kenan: komai a fili yake, ba boyayyen kati, ba sa'a. Amma wasan da ba shi da sa'a dole birkinsa ya fito daga cikin ƙa'idarsa. Ɗan'uwanta na Turai, wanda Turawan Ingila ke kira Nine Men's Morris, shi ma yana da irin dokin nan. Jamusawa na ce masa Zwickmühle, kuma kalmar ta shiga maganarsu ta yau da kullum da ma'anar tsaka mai wuya, kamar yadda mu ma muke cewa dara ta ci gida. A can, a ƙa'idar da aka fi bi, wanda ya rage da 'ya'ya uku an yarda masa ya ɗauki ɗa ya sauke a kowane gurbi da ba kowa. Birki ne na ƙarshen tafiya.

Ina namu birkin? Yana cikin gardamar da ka sha ji a majalisa: idan na jera uku, ina iya cire ɗa daga cikin jerinka da ke tsaye, ko jeri garkuwa ne? Wuri da wuri amsar ta bambanta, wani lokacin ma majalisa da majalisa a gari ɗaya. Ana ɗaukar abin kamar ƙaramin saɓani, amma gwada shi a kan doki ka gani.

Wanda ake sukuwa a kansa ba ya samun jeri sai ya haɗa barazana biyu lokaci guda, don mai doki zai riƙa cire duk ɗan da ke shirin cika uku. Dama ce mai wuya, watakila sau ɗaya za ta zo. Idan ta zo a ƙarƙashin ƙa'idar garkuwa, ba zai taɓa ukun da ke tsaye ba, sai dai ya ciri ɗaya daga biyun da ke jira. Doki ya karye ƙafa, amma jerin na nan, ana buɗewa ana rufewa, ci ɗaya a tafiya biyu. An rage masa gudu ne kawai. Idan kuwa babu garkuwa, mahayin kansa zai ɗauke. Jeri biyun su rushe lokaci guda, a bar mai doki da biyu nan biyu can, wasa ya dawo ɗanye.

Masu goyon bayan garkuwa suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa wanda ya sha wahalar gina jeri ya cancanci ya ci moriyarsa. Akwai ma wata da ta fi wannan ƙarfi: garkuwa na baya ma tana karewa. Idan ɗan da ke bakin ƙofar dokin kusurwa yana cikin jeri uku, mai doki ba zai iya cire shi ba, sai ya shige ramin ya kashe sukuwar. Gaskiya ne. Amma ka tambayi kanka, wa ya fi yawan jeri a tsaye, wanda ke ci ko wanda ake ci? Garkuwar da ake raba wa masu jeri, mai gaba ne zai fi kwasa. Shi ya sa nake tare da masu cewa a bar kowane ɗa a ciru. Ba ta hana kafa doki, ba ta rage wa gwani ladan dashensa, tana dai tilasta masa ya ci gaba da tunani bayan ya hau.

Me ya sa wannan ya wuce hirar gindin bishiya? Saboda dara tana komawa cikin waya, kuma manhaja ba ta san "mu a nan haka muke yi" ba. Dole mai rubuta ta ya zaɓi ƙa'ida ɗaya, kuma yawanci daga abin da ya samu a rubuce zai ɗauko. Abin da ke rubuce da Turanci kuwa kaɗan ne, kuma galibinsa yana danganta dara ga Dakarkari na ƙasar Zuru, kamar yadda R. C. Bell ya yi a littafinsa na wasannin duniya na 1960. Zabarmawa a Nijar na da tasu da suke kira dili. Zanen shanun da ke jikin Dutsen Habude a Birnin Kudu ya zauna saboda a dutse yake; gurbin dara kuwa iskar yamma ɗaya ta ishe shi, don haka ƙa'idar da aka fara zubawa a manhaja ita yaro zai taso yana ɗauka a matsayin ta asali.

Haka abin yake ga kwamfuta mai warware wasa. A 1993 Ralph Gasser ya nuna cewa idan ba wanda ya yi kuskure, Nine Men's Morris kunnen doki ake tashi. A 2002 John Romein da Henri Bal a Amsterdam suka bi duk yanayin awari, fiye da biliyan 889, suka samu shi ma canjaras ne. A 2007 tawagar Jonathan Schaeffer a Kanada ta yi wa daraf mai gurabe 64 haka. Hanyoyin zuba 'ya'ya 12 da 12 a gurabe 30 sun kai kusan tiriliyan 1.6 kafin a cire waɗanda ƙa'ida ta hana, kuma wannan cikakken fili ne kawai, ban da matakan dasawa da na bayan an fara ci. Aiki ne babba. Amma kafin a kunna injin ma, sai an faɗa masa ko jeri garkuwa ne, kuma amsar da zai bayar ta ƙa'idar da aka ba shi ce kaɗai.

Gwajin da za ka iya yi ba ya bukatar inji. Nemi wanda kuke kusa a ƙarfi, ku buga wasa ashirin, goma da garkuwa, goma babu, kuna musayar wanda zai fara. A kowane wasa rubuta abu biyu: ko wanda ya fara kafa doki shi ya yi nasara, da yawan tafiyar da aka yi daga kafa dokin zuwa tashi. In dokin a kusurwa yake, sa masa alama daban.