Sarauniyar Lugu a Fim: Abin da Aka Samu da Abin da Aka Rasa

Fim ɗin Sarraounia, wanda Med Hondo ɗan ƙasar Muritaniya ya shirya a shekarar 1986, an gina shi ne a kan littafin Abdoulaye Mamani na 1980. Yana ba da labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa kusa da Dogon Dutsi, wadda ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Wannan rundunar ce ta ƙone Birnin Ƙonni. Fim ɗin ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987, kuma a ganina ya cancanta, musamman yadda ya nuna hauka na cin Voulet sannu a hankali har sojojinsa suka juya masa baya.

Sai dai akwai inda na tsaya. Aikin haɗin gwiwa ne tsakanin Burkina Faso da Muritaniya da Faransa. An so ɗaukarsa a Nijar, abin bai yiwu ba, sai gwamnatin Thomas Sankara ta karɓi baƙuncinsa. Saboda haka ƙasar da mai kallo yake gani ba Arewa ba ce, kuma Aï Keïta, wadda ta fito a matsayin Sarauniya, da harshen Jula take magana. Haƙiƙa ta yi ƙoƙari, amma kirari da zambo da addu'ar Azna duk sun salwanta a hanya.

Abu na biyu ya fi damuna. A Lugu, Sarauniya muƙami ne na mai riƙe da tsafin ƙasa, ana gadonsa, kuma ƙarfinta yana ga tsoron da ake yi wa asirinta. Fim ɗin kuwa ya ɗora mata kwari da baka, ya mai da ita jarumar fagen fama mai jawabin haɗin kan Afirka. Mu a nan Manga mun san bambancin. Dattijon da ke jagorantar al'adun Uhola ba shi ne ke gaban mayaƙa ba, amma babu mai fita sai da yardarsa. Duk wanda ya sauya masa wannan matsayi, ko da don ya girmama shi ne, ya rage masa wani abu.

Shi ya sa nake roƙon malaman tarihi, idan za su nuna wa ɗalibai fim ɗin, su fara bayyana musu cewa sarautar Sarauniya ta girmi Mangu, ta kuma ci gaba bayan 1899.