Wa Marubuta Ke Jefawa a Wuta?

Mutanen tsohuwar Iraƙi, masu labarin Gilgamesh, ba su san wuta a matsayin gidan sakamako ba. A wurinsu duk mamaci, sarki ne ko bawa, gida ɗaya ake kai shi a ƙarƙashin ƙasa, duhu ko'ina, abinci ƙura. Haka Sheol take ga Yahudawan farko, haka Hades ga Girkawa, in ban da 'yan tsirarun da suka tsokani alloli, irin su Sisifus mai tura dutse kan tudu yana gangarowa. Babu hisabi, mutuwa ce kawai ta tara kowa.

Hisabi ya fito sarari a addinin Zartusht na Farisa, inda rai ke ƙetare gadar Cinwat, ta buɗe wa salihi, ta tsuke wa mugu ya rufta. Kiristanci da Musulunci suka zo da bayani filla-filla. Alƙur'ani ya ambaci wuta mai ƙofofi 7, masu tsaro 19 da itaciyar Zaƙƙum. Kan dawwamarta malamai sun kai ruwa rana. A cikin Kiristoci, Origen ya yi fatan kowa zai tsira daga ƙarshe, Agustin ya ce azaba ba ta yankewa, a cikin Musulmi kuma Subki ya yi raddi ga masu cewa wuta za ta ƙare.

Ni dai adabin ne ya fi ɗaukar hankalina, domin nassi laifuka yake lissafawa, marubuci kuwa hannunsa na ƙaiƙayin rubuta sunaye. Abul Ala'il Ma'arri, makahon mawaƙin Sham da ya rasu a 1057, ya zaga da jaruminsa Lahira a Risalatul Gufran, jarumin ya tarar da mawaƙa Imru'ul Ƙaisi da Basshar a wuta. Abin dariya, mai ziyarar bai damu da azabarsu ba, tambayoyin nahawu da baitoci ya dinga yi musu. Dante na Italiya, wanda ya rasu a 1321, ya fi shi zafin rai. An kore shi daga Fulorens, sai ya gina wuta mai hawa 9 a waƙarsa ya zuba abokan gabarsa ciki, ya kifa Paparoma Nikolas na Uku a rami kai ƙasa saboda cinikin muƙaman coci, ya tanadar wa Paparoma Boniface na Takwas gurbi. Ƙasan wutarsa ƙanƙara ce, ta maciya amana. Rashin ladabin da ya yi wa Manzon Allah (SAW) ya isa ya nuna cewa son zuciya ne ke riƙe da alƙalamin. Zuwa 1944 garwashin ya mutu a Turai: wutar marubuci Sartre ɗaki ne kawai da mutum uku masu ƙuntata wa juna.

Mawaƙan wa'azinmu wata hanya suka bi. Ba su kama suna, hali suke kamawa: mai tauye mudu, alƙali mai cin hanci, mai cinye gadon maraya. Tabban Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar Hausa, masu riƙe da mulki ta fi tsoratarwa, alhali mulkin na hannun jama'arsu ne. Wannan ya fi ramuwar gayyar Dante wuya, ya kuma fi ta gaskiya, domin wanda ake yi wa gargaɗin yana zaune a majalisin yana saurare.